Toshe Kafofin Ƙofar Gareji Domin Rage Asarar Makamashi: Nazari a Kan Gidajen Amurka ta Arewa

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 1973 ne ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka sa wa Amurka da wasu ƙawayenta takunkumin sayar da mai. Kafin a janye takunkumin a watan Maris na 1974, farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Magidantan ƙasashen sanyi, waɗanda suka saba ɗumama gidajensu da mai mai araha, sai suka farga cewa kaso mai tsoka na kuɗin da suke biya yana sulalewa ne ta kafofin ƙofofi da tagogi. A 1976 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa wani shiri na taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su kare gidajensu daga sanyi, kuma galibin aikin da aka yi a shekarun farko na shirin shi ne liƙe tagogi da leda, da cike tsagogin gini, da maƙala roba a gefen ƙofofi.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba ƙofa guda ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi, watau ƙofar gareji, wadda ita ce mafi girman abin da ke buɗewa ya rufe a jikin gidan Ba'amurke. Abin nufi da gareji a nan shi ne ɗakin ajiye mota da ake ginawa manne da gida, ba wurin aikin makanikai ba. Kalmar "matoshi" kuwa, jam'i "matosai", za a yi amfani da ita ga duk wata roba ko buroshi ko soso da ake maƙalawa a gefen ƙyaure domin ya tare iska.

Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne cewa toshe ƙofar gareji aiki ne mai amfani da rahusa, amma amfaninsa ya dogara ga sanin inda iyakar gida take. Wanda ya toshe babbar ƙofa ta waje ya bar kafofin da ke tsakanin gareji da ɗakunan kwana, ribarsa kaɗan ce, kuma ya jefa iyalinsa cikin haɗari.

2.0 Siffar Ƙofar Gareji

Ƙofar garejin da aka fi sani a Amurka da Kanada ita ce mai naɗewa sama. Wani mutum mai suna C. G. Johnson ne ya ƙirƙiro ta a 1921, sa'an nan ya fito da injin lantarki mai buɗe ta a 1926. Ƙyauren fallaye ne huɗu ko biyar a kwance, an jera su bisa juna an haɗa da maƙalan ƙarfe masu lanƙwasuwa. A gefe biyu akwai 'yan tayoyi masu gudu cikin dogo, wanda ya miƙe tsaye daga ƙasa sa'an nan ya lanƙwasa ya kwanta ƙarƙashin rufi. Wani ƙaƙƙarfan sifirin ne ke ɗauke da nauyin ƙyauren ta hanyar wayoyin ƙarfe guda biyu.

Ƙofar da ke cin mota biyu takan kai ƙafa 16 a faɗi da ƙafa 7 a tsayi, watau mita 4.88 da mita 2.13. Faɗin fuskarta ya zama murabba'in mita 10.4, kewayenta kuma mita 14. Ƙofar ɗaki ta yau da kullum ba ta cika murabba'in mita 2 ba. Daɗin daɗawa, ƙofar ɗaki tana da sakata ko kuba mai janyo ƙyaure ya danne jikin firam, alhali ƙyauren gareji zamewa yake yi ta bayan firam, kuma tilas a bar masa rata don kada ya cije. Saboda haka kafa ba ta rasa samuwa a wurare huɗu: ƙarƙashin ƙyaure, da gefensa biyu, da samansa, da kuma tsakanin falle da falle.

3.0 Hanyoyin da Zafi Ke Bi Ya Fita

Ƙa'ida ce a ilmin kimiyya cewa zafi kullum daga wuri mai ɗumi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi. A jikin ƙofa hanyoyi biyu ne suka fi muhimmanci.

3.1 Ratsawa ta jikin ƙyaure

Ƙarfe yana miƙa zafi da sauri ƙwarai. Bisa ma'aunin da masana ke amfani da shi, ƙarfe yana da wajen 50, soson foliyuretan da ake cusawa cikin ƙyaure kuwa wajen 0.025, watau bambancin ninki dubu biyu. Ƙyauren da aka yi da fallen ƙarfe tsura yakan zubar da kimanin wat 6 a kowane murabba'in mita a kan kowane digiri ɗaya na bambancin zafin ciki da na waje. In muka ɗauka cikin gareji digiri 15 ne, waje kuma digiri 5 ƙasa da sifiri, bambancin digiri 20 ke nan. Idan aka ninka 10.4 da 6 da 20, za a samu wajen wat 1,250.

3.2 Kwararar iska ta kafofi

Iska ba ta ratsa kafa sai matsinta a gefe ɗaya ya fi na ɗaya gefen. Abubuwa uku ke kawo wannan bambanci: kaɗawar iskar waje, da halin iska mai ɗumi na tashi sama ta fice ta rufi ta bar gurbi a ƙasa, da kuma fankokin kicin da na banɗaki masu fitar da iskar gida waje.

Bari mu yi ɗan lissafi na kimantawa. A ɗauka akwai ratar santimita 1 tak a ƙarƙashin ƙyaure mai faɗin mita 4.88. Faɗin wannan rata murabba'in santimita 488 ne, daidai da a huda bango a yi taga mai santimita 22 a kowane gefe a bar ta buɗe dare da rana. Da bambancin matsi na faskal 4, wanda ko iska mai sauƙin kaɗawa tana iya haddasa shi, wannan rata za ta iya wucar da kimanin kubik mita 270 na iska a awa guda, matuƙar iskar ta samu mafita a wani gefen. Garejin da ke da mita 6 a tsawo, 6 a faɗi, 2.5 a tsayi, kubik mita 90 yake ci. Ke nan iskarsa kan sauya sau uku a kowace awa. Ɗumama kubik mita guda na iska da digiri ɗaya kuwa yana cin sulusin wat na tsawon awa. Idan aka ninka 270 da 0.33 da 20, za a samu kusan wat 1,800.

Abin lura a nan shi ne ratar da ba ta kai kaurin yatsa ba tana iya cin makamashi fiye da ilahirin ƙyauren ƙarfe mai murabba'in mita goma. Wannan ne ya sa magidancin da ya sayi ƙyaure mai tsada mai cike da soso, amma ya bar ƙarƙashinsa a buɗe, bai ga canjin da ya zata ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan maganar ta yi daidai har a zahiri, domin ƙaramin ɓera na iya kurɗawa ta ratar milimita 6.

Gane girman wannan asara ne ya sa a ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a ƙasar Suwidin da kuma Jami'ar Firinston ta Amurka suka fito da hanyar auna yoyon gida. Ana ɗaura babbar fanka a bakin ƙofa a zuƙe iskar gidan har bambancin matsi ya kai faskal 50, sa'an nan a auna yawan iskar da ke shigowa ta kafofi. Kundin ƙa'idojin tattalin makamashi na gine-gine da aka fitar a Amurka a 2012 ya ƙayyade cewa a wannan gwaji kada iskar sabon gida ta sauya fiye da sau 3 a awa a yankunan sanyi, ko sau 5 a yankunan zafi.

4.0 Ire-iren Matosai

4.1 Matoshin ƙasa. Wannan shi ne uba a cikinsu. A ƙyauren ƙarfe akwai wata kwalbatin alminiyam mai tsagi biyu a gindin falle na ƙarshe, inda ake zura doguwar roba a lanƙwashe kamar harafin U. Idan ƙyaure ya sauko sai robar ta baje bisa daɓe ta cike lotsawar siminti. A ƙyauren katako kuwa ƙusa ake buga mata kai tsaye. Bakin robar iri-iri ne, wani kamar harafin T, wani dunƙule kamar ƙwayar carbi, saboda haka sai an yanki guntun tsohuwa an tafi da shi kanti kafin a sayi sabuwa.

4.2 Matoshin dokin ƙofa. Roba ce mai ɗan tudu da ake liƙawa da gam a bisa daɓen, daidai inda ƙyaure ke sauka. Tana da amfani inda simintin ya fashe ko ya karkata, kuma tana tare ruwan sama da iska ke korowa. Aibinta shi ne, kamar yadda take hana ruwan waje shiga, haka take hana na ciki fita, alhali kuwa an gangarar da daɓen gareji ne zuwa ƙofa domin ƙanƙarar da ta narke daga jikin mota ta gudana waje.

4.3 Matoshin gefe da sama. Siririn katako ne ko filastik mai leɓen roba, ana buga shi a jikin firam ta waje yadda leɓen zai ɗan lanƙwasa a fuskar ƙyaure. Ana fara buga na sama, sa'an nan na gefe biyu, kuma ƙyaure a rufe ake auna wurinsa.

4.4 Matoshin tsakanin fallaye. Sababbin ƙyamare sukan zo da bakin falle mai shiga cikin na ƙasansa, wani lokaci da zaren roba a tsakani. Tsofaffi na katako ana manna musu siririn soso mai gam.

4.5 Buroshi. Inda ƙyauren na kwano ne mai naɗewa kamar tabarma, fuskarsa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, don haka buroshin nailan ya fi roba dacewa. Bai kai roba tare iska ba, amma yana tare ƙura, kuma ba ya saurin cinyewa.

Game da abin da ake yin su da shi, nau'i biyu suka fi yawa. Filastik ɗin da ake kira PVC yana da araha, sai dai yana ƙandarewa a tsananin sanyi, kuma rana na gasa shi ya tsattsage. Robar da ake kira EPDM tana jure rana, kuma ba ta rasa laushinta har wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, amma ba ta shiri da fetur da baƙin mai, domin kumbura ta suke yi. Wannan abin kula ne a ɗakin da mota ke kwana. Saboda haka ba a shafa wa matoshi giris. Man silikon ake fesa masa, wanda kuma ke hana shi daskarewa a jikin daɓe ya yage lokacin da inji ya fizgi ƙyaure da safe.

5.0 Ina Iyakar Gida Take?

Lissafin da aka yi a sashe na 3.0 ya ginu ne a kan garejin da ake ɗumamawa, alal misali wanda mai gida ya mayar wurin aikin kafinta. A irin wannan gareji babbar ƙofa ita ce iyaka tsakanin ɗumi da sanyi, kuma duk abin da matoshi ya tare riba ce kai tsaye. Amma galibin garejoji ba a ɗumama su. Matsayinsu ya yi kama da na zaure a gidan Bahaushe: wuri ne da ya tsaya tsakanin waje da cikin gida. Iyakar gida ta haƙiƙa ita ce bangon da ya raba gareji da ɗakuna, da ƙaramar ƙofar da ke jikinsa, da rufin garejin idan akwai ɗaki a samansa.

A wannan hali ribar toshe babbar ƙofa ta bayan fage take zuwa. A ɗauka cikin gida digiri 20 ne, gareji kuma yana kan sifiri. In matosai suka ɗaga zafin garejin zuwa digiri 5, bambancin ya sauko daga 20 zuwa 15, asarar da ake yi ta wannan bango ta ragu da rubu'i. Riba ce, amma ta bango ɗaya ce cikin bangayen gida, don haka bai kamata a yi tsammanin kuɗin wuta zai ragu da rabi ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne irin iskar da aka tsare a ciki. Injin mota yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Tun daga motocin 1975 aka fara sa wa motocin Amurka na'urar tace hayaƙi a jikin salansa, amma na'urar ba ta aiki sai ta yi zafi sosai, saboda haka mintocin farko na tayar da inji da sanyin safiya su ne mafi guba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, ta bayyana cewa fiye da mutum 400 ke mutuwa a ƙasar kowace shekara ta hanyar shaƙar wannan iska bisa tsautsayi, ban da waɗanda gobara ta ritsa da su. Har ila yau akwai tururin fetur, wanda ke ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, daidai inda ratar ƙarƙashin ƙyaure ke ba shi mafita a da.

Yanzu sai a haɗa wannan da abin da aka faɗa a sashe na 3.2. A lokacin sanyi gida yana fitar da iska mai ɗumi ta sama yana zuƙo wata ta ƙasa, kuma gareji na daga cikin wuraren da yake zuƙowa. Muddin babbar ƙofa na yoyo, iskar waje na wanke garejin tana tsarma gubar. Da zarar an toshe ta aka bar kafofin bangon tsakiya, gubar za ta daɗe a ciki, kuma abin da gida ke zuƙowa zai fi kauri. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Dokokin gini na Amurka sun san da haɗarin gareji. Sun hana a yi ƙofa daga gareji kai tsaye zuwa ɗakin kwana. Sun wajabta cewa ƙyauren da ke tsakanin gareji da gida ya zama na katako tsantsa ko na ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 35, ko wanda zai iya tare wuta na minti 20. Sun kuma ce tukunyar dafa ruwa mai aiki da gas, in a gareji take, a ɗaga bakin wutarta inci 18 daga ƙasa saboda tururin fetur, sai fa in an ƙera ta yadda tururin ba zai kama wuta ba. Ita kanta wannan tukunya tana buƙatar iska domin wutarta ta ci sosai. In aka toshe garejin ruf ba a yi mata mashaƙa ba, hayaƙinta na iya dawowa ciki.

6.0 Tsarin Aiki

Bisa ga abin da ya gabata, ga jerin da ya kamata a bi:

(a) A fara da bangon tsakiya. A cike duk inda waya ko bututu ya ratsa shi, a sa wa ƙaramar ƙofa matoshi a gefenta huɗu, a kuma sa mata abin da zai janyo ta ta rufe da kanta.

(b) A sa na'urar ƙararrawa mai jin kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana. Kada a bar mota tana aiki cikin gareji, ko da babbar ƙofa a buɗe take.

(c) Sa'an nan a juyo ga babbar ƙofa. A rufe ta da rana a kashe fitila; duk inda haske ya leƙo, kafa ce. A ranar iska, hayaƙin turaren tsinke zai nuna kafofin da ido bai gani ba.

(d) A daidaita ƙyauren kafin a sa matoshi, domin roba ba ta gyara dogon da ya karkace. Amma sifirin da wayoyinsa da maƙalan da ke riƙe da su a gindin ƙyaure suna ɗaure ne da ƙarfin da zai iya karya hannu ko ya yi kisa, don haka gwani kaɗai ke taɓa su. Haka nan, manna wa ƙyaure soso yana ƙara masa nauyi, sai an sake daidaita sifirin.

(e) Bayan an gama, a gwada injin buɗewa. Tun 1 ga Janairu 1993 doka ta wajabta wa injinan da ake ƙerawa domin gidajen Amurka su zo da ƙarin kariya, galibi idon lantarki a gindin ƙofa, saboda yaran da ƙyaure ya danne suka mutu. Sabuwar roba mai kauri takan sa inji ya zaci ya ci karo da wani abu ya koma sama, sai mai gida ya ƙara masa ƙarfin dannawa. Wannan kuskure ne babba. Abin da ake gyarawa shi ne iyakar saukar ƙyaure. A ajiye katako mai kaurin santimita 4 a ƙasa; in ƙyaure ya taɓa shi bai koma sama ba, injin bai daidaita ba.

7.0 Abin da Ya Shafe Mu

A ƙasar Hausa ba a ɗumama gidaje da gas, kuma yawancin motoci a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa suke kwana. Duk da haka ƙa'idar ɗaya ce, alƙiblar zafin ce kawai ta juya. Ɗakin da ake sanyayawa da na'ura a bazarar Kano ko Sakkwato ko Damagaram, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, yana asarar sanyinsa ta ratar ƙarƙashin ƙyaure kamar yadda gidan Kanada ke asarar ɗuminsa. Da hunturu kuma, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta waɗannan kafofi take shiga shaguna da ɗakunan ajiya masu ƙofar kwano, inda buroshin da aka ambata zai yi amfani.

Gargaɗin sashe na 5.0 ya ma fi shafar mu, domin abin da mota ke yi a garejin Amurka shi janareta ke yi a gidajenmu. Sau da yawa, don tsoron ɓarayi ko ruwan sama, akan shigar da shi gareji ko baranda a rufe ƙofa, kuma an sha wayar gari da rasuwar iyali gaba ɗaya ta wannan hanya. Shawarar hukumar CDC ita ce a ajiye janareta a fili, aƙalla ƙafa 20, watau mita 6, daga kowace ƙofa ko taga. Duk ɗakin da aka toshe kafofinsa, inji ko kaskon gawayi ba su da wurin kwana a cikinsa.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa a ƙofar gareji kwararar iska ta kafa tana iya fin ratsawar zafi ta jikin ƙyaure ɓarna, kuma maganinta 'yan mitocin roba ne da aikin yini guda. Ta kuma nuna cewa girman ribar ya danganta ga ko ana ɗumama garejin, sa'an nan tilas ne bangon da ya raba shi da gida ya riga babbar ƙofa samun gyara. Ya kamata malaman sassan fasaha da gine-gine a kwalejojinmu su riƙa koyar da toshe kafa tare da samar da mashaƙar iska a darasi guda, domin ɗalibin da ya iya na farko bai san na biyu ba zai iya gina wa mutane ɗakin da zai halaka su.